Rariyar Inna Mai Gugguru

Kafin a san injin gilashi mai fitila, gugguru a unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi abu uku yake nema: tukunyar ƙarfe, yashi mai zafi, da Inna. Kakata ce ta wajen uba. Ta dasa murhunta a ƙofar gida shekarar da kakanmu ya rasu, ba ta kuma ɗaga shi ba har layin ya ci sunanta. Direbobi na saye, masu zuwa dubiya asibitin koyarwa na saye, ma'aikatan jinya kan biyo da fararen kayansu su ce a ƙulla musu mai ɗumi.

Da an idar da magariba sai mu yara mu kewaye murhun. Inna ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta zuba masara cikin yashin, ta rufe, ta ce, "Ga ta nan a tukunya." Mu amsa, "Ta fashe mu ji ta." Tsawon labari tsawon tukunya ne. Da fashewa ta lafa, labari ya ƙare, ko da kura na tsakiyar magana.

Sunan Inna aka sa mini, Takwara take kirana, don haka na ɗauka murhun da abin da ke kansa gadona ne tun tana raye. Sai ga Zulai. Mahaifinta direba ne da ya taso daga ƙauye ya kama ɗaki a gidanmu. Sa'ata ce, ba ta da surutu, ba ta dariya a inda ake dariya, ga zama dab da wuta kamar kyanwa. Ni ke zuwa ta ɗaya a aji, ita kuwa har lokacin tana kokawa da baƙi da wasali. Amma ita Inna ke cewa, "Miƙo min itace, 'yar albarka." Ni ban taɓa zama 'yar albarka ba. Ni "uwar tambaya" ce.

Da idon Inna ya fara rauni, wani maraice ta ajiye rariyar da take tace yashi a tsakanina da Zulai.

"Hannuna ya gaji," ta ce. "Wadda ta gaya min lokacin sauke tukunyar nan, ita za ta riƙe wannan daga yau."

Na gyara zama. Na riga na ga kaina da rariya. Inna ta rufe tukunya ta fara.

Wai Yashi da Masara gida ɗaya suke haya. Wuta in ta zo, Yashi take fara ci. Shi zai yi zafi, ya rungumi Masara, har ta fashe ta fito fara sol, yara na tafi, manya na miƙa hannu. Shi kuwa a girgiza shi a mayar tukunya, kullum yana ƙara baƙi. Ran nan ya ce ya gaji. Ya je wurin Wuta ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙara min zafi, ni ma yau sai na fashe." Wuta ta ce ba a yi shi don haka ba. Ya ce ai ita ma Masarar ba da farin kaya aka haife ta ba. Wuta ta ƙara. Ya ce ƙara dai. Ya yi ja, ya fara ƙara, duk garin aka taru ana jira a ga abin da zai fito daga cikinsa, sai...

"Inna, ta yi," in ji Zulai.

Inna ta sauke tukunya. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙone ba. Ta ɗauki rariyar ta ɗora wa Zulai a cinya.

"To sai me Yashin ya zama?" na tambaya.

"Kin ji ta ko? Ana rabon gado tana tambayar lafiyar yashi." Ta dangwale min goshi. "Yana nan a tukunya mana, Takwara. Ina zai je?"

Kwana uku ban ci gugguru ba, abin da ba wanda ya lura da shi sai cikina.

Yau shekarata ashirin da wani abu ina koyar da adabi, na kuma juya labarin nan ta kowace fuska. Da farko na ɗauke shi habaici ne a kaina, kuma ban janye wannan zargi ba. Daga baya na ga kamar kanta take nufi, matar da ta ƙare rayuwarta a bakin wuta don 'ya'yanta su fito fes. Yanzu ina zaton tarko ne kawai: ta zaɓi labarin da ta san zai tafi da kunnena, don ta riga ta san wadda take so ta ba rariya. Wannan fassarar ta fi ciwo, shi ya sa na fi yarda da ita.

Bayan rasuwar Inna, Zulai ta mayar da sana'ar bakin titi a Tarauni. Injin gas ne yanzu, 'yan adaidaita na layi, a allon da ta kafa kuma an rubuta sunan Inna, wato sunana. Watan jiya na tsaya saye. Tana ƙulla min ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Malama, kin san ban taɓa jin tatsuniyar Inna ko ɗaya ba? Kunnena na kan tukunya. Ina ganinku kuna dariya, in ji kamar in kife tukunyar. Yarana na tambaya, ba ni da abin ba su. Ki ba ni ko guda biyu mana."

Ya kamata in ji tausayi. Abin da na ji daɗi ne, har cikin ƙashi. Na ja benci na zauna, na ba ta guda biyu cif, yadda ta roƙa. Sauran goma sha ɗayan na koma da su gida.