Sunan da Suka Sa wa Ɗana a Abhur

Ku matso ku ji, 'yan'uwa, yau ni Ladi ce na yi tafiya, ni da ko kasuwar Bab Makka sai sallah-sallah nake leƙawa.

Mun tashi da asuba daga Karantina, unguwarmu a nan ƙasar Makka, ni da maƙwabciyata, iƙama, takardarmu ta zama, a ƙulle a bakin zane, kular tuwo da miyar kuka a hannu. Abin da ya fitar da ni, ɗan farina direba ne a gidan wani injiniya mutumin Sifen a Abhur, can bakin teku, kuma labari ya iso mini wai an canza masa suna, yana ma amsawa. Sunan kakansa ne fa, da rago aka raɗa shi. Wanda ya yar da sunansa, me ya rage bai yar ba? Kwana uku abinci ya ƙi shiga.

Ƙaramar bas ta bi da mu ta gefen tashar jiragen ruwa, ƙarnin kifi ya cika motar. A Balad muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, sannan muka sami tasi. Direban Bayamane ne, kalmarsa ɗaya ce, yalla, wato mu je, har jar danja yake ce wa yalla. Titin Madina kuwa miƙe yake kamar tabarya. Gidaje suka yi ta raguwa, sai rairayi, can sai ga teku shuɗi shar da dogayen katangu.

A ƙofar gidan maigadi ɗan Sudan ya tambayi wa muke nema. Kun san mu da kunyar ɗan fari, shekara ashirin da shida ban taɓa kama sunansa ba, sai dai "kai". Na ce mai sunan annabin da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya. Maigadi bai gane ba, sai da maƙwabciyata ta faɗi sunan. Ya ce, "Oho, Hose kuke nema."

Ɗana ya fito da gudu ya durƙusa. Da tabon sallarsa a goshi, na duba. Ban amsa gaisuwar ba, na tambaye shi wane ne Hose.

"Inna, shigo ki ji daga bakin uwargidan."

Uwargidan ta kawo shayi, tana Larabci gutsure-gutsure, shi yana cikewa. Ta ce sunan mahaifinta ke nan, kuma ba wani suna ba ne daban, na ɗana ne da bakinsu. Daga maƙogwaro take fito da shi, kamar Larabawa in za su ce khalas. Don in gwada ta, na ce ta ba ni labarin mai sunan. Sai ga rijiya, ga riga da jini, ga mafarkin taurari, ba ta bar komai ba. Ita kanta Mariya take, wato Maryamu.

Sai baki ya buɗe. Na ce to Ladi fa, haihuwar Lahadi? Ta tafa hannu, wai Dominga, suna da ita. Dauda akwai, Yakubu akwai. Da na kawo Tanko, ƙanena da ya biyo mata uku, ta yi tunani ta ce babu. Na ce madalla, a bar mana wannan. Ta ci tuwo da cokali, miyar kuka tana yi mata igiya a haɓa.

Da la'asar muka fito. Ɗana ya raka mu bakin titi ya juya, sai na ga kwalbar man shanun da na kawo masa tana hannuna. Ya yi nisa, "kai" ba za ta kai ba. Ban san lokacin da na ce "Hose" ba. Ya tsaya cak, ya waigo, idonsa ya kawo ruwa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin na kira shi ba.

Mun iso Karantina ana kiran magariba, na cinye sauran ful tas. Abin da na koyo, suna ma yana tafiya, yana sauya riga a hanya, amma mai shi yana nan.

Maƙwabciyata dai ta ce na karya kunya, tunda ni da bakina na yarda suna ɗaya ne. To ku raba mu: na kama sunan ɗan farina, ko ban kama ba?