Lambun Yayanta a Shafin Farko

A ofis "Uwar Gargaɗi" suke ce mata, kuma ba sharri suka yi mata ba. Shekara ashirin da shida ta yi tana rubutu a jarida kan abin da mutane ke ci da abin da ke neman hana su ci: fari, tsutsar masara, rijiyoyin da ke ƙafewa. Masana su zubo bayani mai ɗaure kai, ita ta zauna ta warware shi yadda mai tallan kifi ma zai gane. Teburinta na can lungu, kwalaben ƙasa da na ruwa jere a taga. Ba mai son cin abincin rana da ita. To wa zai so yana kai loma ana faɗa masa irin ruwan da latas ɗin ya sha?

Mutum ɗaya ke jure mata, yayanta, mai lambu a bakin rafi. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu, ya tsaya mata har ta gama jami'a. Duk Asabar sai ta je, ya cika mata jaka da alayyahu yana tsokanarta: "Auta, yau kuma me zai kashe mu?"

Ana nan sai gwaji ya nuna gubar wata masana'antar rini na kwarara cikin rafin. Lambuna arba'in ke sha daga nan, har da nasa. A aikinsu kuwa ba a tsegunta wa kowa labari kafin ya fito, ita kuma ta bi ƙa'idar sau da ƙafa. Asabar ta je, ta karɓi alayyahu, ta yi dariya, ta kama hanyar gida. Litinin sai ga hoton ƙyauren lambunsa a shafin farko.

Kafin wata ya ƙare 'yan sari sun ɗauke ƙafa. Ya sayar da injin ban-ruwa, ya koma gadi. Da ta je ba shi haƙuri, bai musa komai ba.

"Gaskiya kika rubuta," in ji shi. "Amma ni, a jarida zan ji?"

An rufe masana'antar, rafin ya washe, aka ba ta lambar yabo. Wallahi ba ta ji daɗin ko ɗaya ba, kewar yayanta ta hana. Shekara tara kenan, gaisuwa sai a gidan rasuwa.

Ranar da ta yi ritaya, daga ofis gidansa ta nufa. Matarsa ta buɗe ƙofa, ta sunkuyar da kai.

"Ayya, Auta, ba ya nan."

Daga ɗaki aka yi tari. Tun tana 'yar shekara biyar ta san tarin nan. Ta ɗan jira ko zai yi magana.

"To," ta ce da ƙarfi, yadda zai ji, "in ya dawo, a ce na zo."