Masu Zuwa Neman Yafiya

Ban san mutane da yawa haka sun yi min laifi ba sai da likita ya ce ƙullutun da ke ƙirjina ciwon daji ne. Tun a mota, kafin mu iso gida Unguwar Dosa, ni da maigidana muka yanke shawara autarmu ba za ta ji ba. Tana aji huɗu a firamare, kuma irin yaran nan ce da ko kaza aka yanka a gabanta sai ta ƙi cin abinci. Muka ce mata maruru ne, za a cire.

To amma wa ya isa ya ɗaure bakin dangi? Kafin mako ya zagayo falona ya koma gidan makoki, sai dai gawar ce ke zuba wa baƙi zoɓo. Wata abokiyar aikina ta zauna ta zayyana min labarin yayarta tiryan-tiryan, yadda aka yanke nono ɗaya, aka bi da na biyu, "kuma duk da haka, ƙawata, ba ta kai azumi ba." Gwaggon maigidana ta taso tun daga Unguwar Kanawa da garin magani a leda, wai in na bari allura ta taɓa ciwon, shi ke nan an tsokano shi. Duk wannan na shanye.

Sallamarsu ce ta fi ci min rai. Mace za ta gyara mayafi, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta karya murya: "To Hajiya, mu yafi juna." Ikon Allah! Shekara da shekaru kina cin namana a bayan ido, ba ki tuna da yafiya ba sai yau? Na san mai tafiya Makka ake yi wa haka, ni kuwa ban biya kujera ba. Sai in ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na roƙe su su dinga rage murya, akwai yarinya a gidan. Suka ce ai yaro bai san komai ba.

Ranar da za a fara ɗaura min ruwan maganin, auta ta shirya za ta makaranta, mai keken da ke kai su yana ta danna hon a waje. Ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya. Ta gyara hijabinta daidai yadda matan nan suke yi, ta juyo.

"Mama, ni ce na fasa miki tangaran ɗin nan, ba mage ba. Mu yafi juna."

Na dafa bango. Na tsani matan nan a lokacin, ɗaya bayan ɗaya, har gwaggon.

Na ce, "Ban yafe ba. Ki je ki dawo, za ki same ni a nan, sai mu yi maganar tangaran."

Ta fita tana waiwayena.