Jan Fenti a Bangon Saude

Tun safe take tsaye a ofishin filaye, doguwar dattijuwa mai kaushin hannun noma, rungume da takarda cikin leda. Saude na ji ana kiranta. Da alama 'yan bindiga ne suka koro su daga ƙauyen Tabanni, ta tayar da ɗaki biyu a filin gidan ƙaninta. Yanzu an shafa wa bangon jan fenti, wai rushewa za a yi.

"Mama, doka ce. Fili ɗaya, gida ɗaya," in ji ma'aikacin, ko kallonta ba ya yi.

Ba ta roƙonsa. Tana nuna filayen manya a tsallaken titi, an katange, ciyawa kawai ke ciki.

"Ɗana, mu tara ne. Rubuta mini inda dokar ta ce mu kwana, in kai wa jikokina."