Kujerar da Na Yanke wa Bel

'Yata tana da shekara biyu wata mota ta buge mu ta baya a hanyar Azizya. Tana ɗaure a kujerarta ta yara, ba ta ji ciwo ba. A asibiti likita ta ce kada mu sake sa ta a kujerar, domin robar takan tsage daga ciki, inda ido ba ya gani.

Muka koma gida, unguwar Harra ta Gabas, wuyana na ciwo. Surukata ta jujjuya kujerar, ta ce, "Ai lafiyarta ƙalau. A ba maƙwabciyarmu 'yar Chadi, tana da goyo."

Na ce, "Inna, ba zan iya ba." Ba ni da ƙarfin yin bayani.

Kujerar ta yi kwanaki a bayan ƙofa. Na san in na kai ta bola wani zai ɗauka wa ɗansa. Wata la'asar na zauna a ƙasa da almakashin ɗinkina, na yi ta yanka bel ɗin kujerar da ake ɗaure yaro da shi har yatsuna suka yi tsami. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta ɗora mini shayi.