Kantar littattafaina ta koma akwatin sifika

"Yaya, tsaya ki ji yadda bes ɗin kiɗan nan ke fita. Ba ya karkarwa koraa, ko kaɗan!"

Ƙanena Mubarak ke nan, a gaban shagon kafinta a Aboabo, yana nuna mini akwatin sifikar da suka ƙera wa pikap ɗinsa. Sau uku suka auna bayan kujera, suka toshe kowace kafa da gam, suka lulluɓe shi da kafet.

Na yaba. Sai na leƙa gefen da kafet bai rufe ba, na ga tabon tawadar da na zubar ina ajin ƙarshe a jami'a. Kantar littattafaina ce, wadda marigayi Baba ya sa aka yi mini da katakon odum.

Na ce, "Mubarak, littattafan fa?"

"Suna cikin buhun shinkafa, lafiyarsu ƙalau. Ai kin gama karanta su. Masta ya ce tsohon katako ya fi riƙe sauti."

Masta kafinta ya gyaɗa kai kamar mai ba da fatawa.

Na ce, "Lallai an yi ilimi. Bari in zauna a kujerar direba in ji da kyau."

Ya miƙo mini makulli yana washe baki. Na shiga, na kashe kiɗan, na ɗaga gilasai, na fito na rufe ƙofa, na jefa makullin a jaka, na tare tasi.

Motar tana nan a gaban shagon har ranar da Masta zai mayar mini da kantata. Masu ƙanne, na tsananta ne ko na yi sassauci?