Matar da ke zana titi kafin dodo ya taka shi

Ƙarfe bakwai na safe, kafin masu shaguna su gama ɗaga ƙofofinsu, Goggo Fusae Narahashi ta riga ta kafa 'yar kujerarta a bakin titi. Allon zane a cinya, fensir uku a aljihu, fulas ɗin koren shayi a gefen ƙafa. Ba ta fara zane nan take. Sai ta zauna tukuna tana kallo, kamar mai jiran baƙo. In ka gaishe ta za ta amsa da fara'a, amma idonta na kan rufin da ke bayanka.

Duk wanda ya girma a Osaka ta ƙasar Japan ya san Okkadon, dodon nan mai tsawon bene talatin da ke fitowa daga teku duk mako ya tattake gari a cikin littattafan zane. Kowa kuma ya san Malam Tsuruoka, don sunansa ne a bango. Malam shi ke zana dodon da jaruman da ke fafatawa da shi. Garin da ake tattakewa kuwa, tun daga tagogi har wayoyin lantarki da shanyar da ke kan baranda, aikin Goggo Fusae ne. Na bi littattafan sittin da biyu a ɗakin karatu na unguwa, har sau biyu don gudun in faɗi abin da ba haka ba. Sunanta bai fito ko sau ɗaya ba.

Ba ta taɓa ƙago titi daga kanta ba. Takan je unguwar gaske ta zana ta a tsaye, lafiya lau, shago bayan shago, sannan ta koma gida ta zana ta a rushe. Malam ya sha yi mata ƙorafi a kan wannan, yana haɗa sunanta da "san" na girmamawa.

"Fusae-san, baraguzai kawai za a buga. Wannan wahalar ta mece ce?"

"Malam, in ban san inda matakala take ba, ta yaya zan san inda za ta faɗi?"

In ta gama kuma, sai ta bi shagunan ɗaya bayan ɗaya, ta rusuna, ta ce, "A yi haƙuri, mako mai zuwa za a taka ku." Ba wanda ya taɓa hanawa. Abin ma ya zama na alfahari. Akwai mai askin da har yau shafin da aka murƙushe shagonsa yana rataye saman madubi, a cikin gilashi.

Layinmu ne kaɗai, Layin Yanagi, dodon bai taɓa leƙowa ba, alhali a nan take zaune. Wannan ya daɗe yana ci wa Baba Genzo mai awara tuwo a ƙwarya.

"Ke Fusae, mai askin can da ko aski bai iya ba an taka shi. Ni me na yi miki?"

"Awararka ta yi laushi, Genzo. Dodo zai zame ya karye."

"Ji tsohuwar nan! Awarar da kike ci kullum?"

"Shi ya sa na sani."

Haka suka yi ta yi har labarin Okkadon ya tsaya, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Goggo ta ci gaba da yi wa wasu zanen gine-gine, Baba Genzo ya ci gaba da mita.

Bara ne aka ce za a dawo da dodon. Yaran da suka karanta shi a da sun yi furfura, suna kewar abinsu. Sai dai kamfanin buga littafin ya ce yanzu kwamfuta ce za ta riƙa fitar da garin. A lokacin ne kuma aka liƙa takarda a bakin layinmu: za a rushe shi a watan Afrilu, a gina dogon bene.

Goggo ta sa rigarta ta fita unguwa ta tafi gidan Malam Tsuruoka, wanda yanzu ya haura tamanin. Shafi biyu kawai ta roƙa. Ta ce tana so ta zana Layin Yanagi da hannunta kafin katafila ta iso. Malam ya dubi hannun. Shekarunta saba'in da ɗaya, kuma ya ga yadda kofin shayi ke rawa a tsakanin yatsunta.

"Shago nawa ne?"

"Talatin da takwas."

"Ki yi," in ji shi. "Ni zan ji da kamfani."

Ke ce kika zauna cikin sanyin Janairu, Goggo, bargo a gwiwa, kika ɗaure wuyan hannunki da ƙyalle don ya rage rawa. Layin da a da kike ja da numfashi ɗaya, yanzu sai kin jingina hannu a kan rula kin ja shi kaɗan-kaɗan. Mahaifiyata, mai shagon wanki da guga, ta ga kin yaga takarda uku a yini ɗaya saboda allon sunan mai sayar da tabarma ya karkace. Ta ce miki ba wanda zai lura. Kika ce mai tabarmar zai lura.

Baba Genzo ya daina tsokana na ɗan lokaci. Duk awa ɗaya yakan fito da kwanon ruwan waken suya mai zafi ya ajiye kusa da ita, ba don ta sha ba, don ta ɗumama yatsu.

"Kada ki ɗauka tausayi ne," yake cewa. "So nake ki kai kaina kafin ki mutu."

"To matsa, ka tare min taga."

Masu rusau ba su jira Afrilu ba, don masu shagunan ƙarshen layi sun riga sun tashi. Ranar da katafila ta fara aiki, saura mata shago biyar. Ta juya kujerarta ta ba ƙurar baya, ta lulluɓe takarda da gefen mayafinta, ta ci gaba. Na mai agogo ta gama shi da safe, aka sauke rufinsa da la'asar. Shagon Baba Genzo ne na ƙarshe. Ta zana tukunyar awararsa, ta zana tsagin da ke jikin gilashi, ta zana kujerar da marigayiya matarsa ke zama. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta kakkaɓe siket, ta rusuna a gabansa.

"A yi haƙuri, Genzo-san. Za a taka ka."

Tsohon ya cire ƙyallen da ke ɗaure a kansa, shi ma ya rusuna. Da yamma ya raba wa duk layi awara kyauta.

Littafin ya fito a watan Yuni. Muka taru a ɗan ɗakin da Baba Genzo ya koma, wajen 'yarsa, muka buɗe. Ga Layin Yanagi a shafi biyu, cif-cif, ga tafin ƙafar Okkadon ya yi masa inuwa tun daga farko har ƙarshe. Baba Genzo ya lashi yatsa ya juya shafi. Sai ga dodon ya tsallake, ya sauke ƙafarsa a cikin kogi, ya wuce abinsa.

"Kai! Ina rushewar?" Ya juya gaba, ya dawo baya. "Fusae, kin cuce ni!"

"Ba ni ba ce. Na zana baraguzanka, har da tukunya a kife. Malam ne."

Daga baya Malam ya faɗa mata cewa kwana uku ya yi da alƙalami a hannu a kan zanen, ya kasa ɗora ƙafar. Ita kuwa har yau tana cewa ya ɓata mata aikin mako biyu.

Na gode, Goggo Fusae, mai haƙurin zana taga dubu. Ban saba rubutu don mutane su karanta ba, ki yafe min in na rage wani abu. Mutanen layi ne suka ce in yi miki godiya a madadinsu, tunda kin ajiye alƙalami. Ga masu karatu kuma, roƙona ɗaya ne: duk abin da aka ba ku ku yi, ko na bayan fage ne, ku yi shi yadda mai tabarma zai duba ya gamsu.

Inda layinmu yake a da, yanzu fili ne da shinge. Amma a shafi na ɗari da goma sha biyu shagunan nan talatin da takwas suna buɗe, kuma Baba Genzo yana nan a ƙofarsa, ya ɗaga kai sama yana jira.